Ƙanena Mai Sayen Shafuka

Mu huɗu ne a wurin mahaifinmu, ni ce babba, shi ne auta. A Unguwar Shanu ta Kaduna muka tashi, a gidan da Baba ya gina tun unguwar tana da sauran filin da yara za su buga ƙwallo. Baba ma'aikacin gwamnati ne. Daga akawu ya fara, ya yi ta hawa a hankali har ya kai inda ake ɗauko masa fayil ya duba ya sa hannu. Ba shi da wani buri a kanmu da ya wuce kowa ya samu tebur da kujera a ofis, ya riƙe gaskiya, ya jira fansho. Mu ukun farko mun bi wannan hanya, ni kaina a ma'aikata na yi aiki har na yi ritaya. Auta ne kaɗai ya kauce.

Da ya gama karatu, Baba ya yi masa hanya wurin wani tsohon abokin aikinsa, aka ce ya zo a gan shi. Bai je ba. A lokacin ya gano wani shagon intanet a Kinkinau, irin wanda ake biya a zauna gaban kwamfuta, can yake wuni. Mai shagon ya bar masa kwamfuta ɗaya ta can lungu, shi kuma yana gyara masa sauran idan sun lalace. Duk wanda ya tambayi Umma ina autanta, sai ta ce yana can wajen danne-dannensa. Ba da ɓacin rai take faɗa ba, amma kuma ba da alfahari ba.

Shafin intanet na farko da ya buɗe na ƙwallon ƙafa ne. Ya lura samarin unguwa suna cika gidajen kallo, su fito suna gardama har teburin mai shayi, amma duk abin da za su karanta a kan wasan da Turanci yake. Sai ya fara rubuta musu da Hausa, irin Hausar da suke gardamar da ita. A shekarun ne wayoyi masu shiga intanet suka fara yawa a hannun mutane, sai abin ya zo masa a kan gaɓa. Ranar da ya gaya wa Baba cewa shafin ya fara kawo masa abin sa wa a baki, ina gidan. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce a sake masa bayani. Auta ya ce 'yan kasuwa ne ke liƙa tallarsu a gefen rubutun, kamar yadda ake liƙa ta a bango, idan masu wucewa ta wurin suna da yawa sai bangon ya yi daraja. Baba ya ce ya ji, amma shi bai taɓa ganin aikin da ba shi da ranar albashi ba. Daga nan bai ƙara ta da maganar ofis ba. Sai dai ya daina tambayarsa komai, kuma na san wannan shirun ya fi yi wa auta ciwo fiye da faɗa.

Ni ban san lokacin da na tsinci kaina a ciki ba. Hausar auta ta baka ce, yana rubuta ta yadda ta zo masa. Da ya buɗe shafi na biyu, na farashin hatsi da kayan miya, inda wasu 'yan kasuwa ke bugo masa waya su gaya masa yadda kasuwa ta kwana, sai ya riƙa kawo mini rubutun ranar Asabar in gyara. Ina gyarawa ina mita, shi kuma yana cin abincin gidana yana dariya.

Wata Asabar ya shigo ya ce, “Yaya, na sayi shafi.”

Na wata mata ne a Zariya, mai koyar da girki. Ta samu gurbin ƙarin karatu, ba za ta iya haɗa biyu ba. Na ce masa me ya saya a ciki, tunda abin ba ƙofa ba bango. Ya ce in tuna mai rumfar da Umma ke sayen atamfa a wurinsa: ko da ya bar wa ɗansa rumfar, ƙafar Umma ba ta daina zuwa wurin ba, don ta saba. Ya ce ƙafafun da suka saba ya saya.

Tun daga nan ya gano cewa saye ya fi masa ginawa sauri. Akwai mutane da yawa a garuruwanmu da suka buɗe shafi da zafinsu, suka tara masu karatu, sannan suka gaji. Yakan ce shafi kamar akuya ne, kullum sai ka ba shi abin ci, ranar da ka fasa ya fara ramewa. Irin waɗannan gajiyayyu yake nema. Da ƙafarsa yake zuwa, ya zauna ya ci abin da aka ba shi, ya ji yadda mutum ya fara da abin da ya sa ya sare. Ba ya ciniki a zaman farko. Yawancinsu ma yakan roƙe su su ci gaba da rubutu, shi ya ɗauke musu wahalar sauran. Ya gyara shafin ya zama marar nauyi, yadda zai buɗe a ƙaramar waya ba tare da ya cinye wa talaka data ba, ya nemo masa masu talla. Ta haka ya samu na noma, na kiwon lafiya, na labaran makarantu, da wasu da ban riƙe ba.

Ya kama ofis a saman wasu shaguna kusa da Kawo, ya ɗauki ma'aikata, ya yi aure. Baba bai taɓa taka ofishin ba, amma maƙwabta suka fara tare shi a hanyar masallaci suna roƙon ya sa baki a ɗauki 'ya'yansu. Yakan dawo gida ya ba Umma labari kamar abin ya dame shi, ita kuma ta kalle ni ta ƙasan ido.

A cikin shafukan da ya saya akwai wani na labaran gaggawa. Samari biyu ne suka kafa shi a wani gari, sau ɗaya ya taɓa ganinsu ido da ido. Wannan shafi ya fi duk sauran jan mutane, don kafin ƙura ta lafa a ko'ina sun riga sun sa hoto da kanun labari. Ni ban taɓa son sa ba. Kanun yakan yi ihu, ka buɗe ka tarar ba komai a ciki. Na yi masa magana, ya ce mutane ne ke so, kuma wannan shafin ne ke ɗauke da nauyin irin su na noma da nake yabo. Amma na lura da wani abu: auta, wanda a da ba ya barin layi ɗaya ya fita bai karanta ba, yanzu shafukan sun yi masa yawa. Yana duba yawan masu shiga, ba ya duba abin da suka shiga suka tarar.

Wata safiya da damina aka yi haɗari a hanyar Zariya, gaba da Katabu kaɗan. Motar ɗaukar bulo ce ta ƙwace ta faɗa rami. A jikin ƙofarta an rubuta sunan mai ita, wani magidanci mai gidan bulo a Katabu. Wani ya ɗauki hoto ya tura wa samarin nan. Suka binciko sunan, suka samo hoton mutumin, suka buga cewa ya rasu nan take. Alhali direbansa ne a motar, shi ma karaya ya samu a ƙafa, bai mutu ba. Mai gidan bulon yana gonarsa tun da sassafe, can inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa.

Kafin azahar labari ya gama gari, wasu shafukan ma sun kwafa. Aka yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Wasu 'yan uwansa suka bazama asibitoci neman gawa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mahaifiyarsa tsohuwa ce mai hawan jini, a gidansa take zaune. Wata maƙwabciya ta shiga ɗakinta tana salati, da wayar a hannu da hoton ɗanta a kai. Tsohuwa ta miƙe za ta fito, ta yanke jiki ta faɗi. Bayan la'asar mutumin ya dawo a kan babur ɗinsa, da ɗanyar masara ɗaure a baya, ya tarar da jama'a a jere suna zaman makokinsa. Uwarsa kuwa an kai ta asibiti, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye.

Auta bai sani ba sai da aka kira shi. Ya sa aka cire labarin, aka buga gyara da ban haƙuri. Lauyansa ya ce kada ya je, kada ya kira kowa, duk abin da ya faɗa za a iya riƙe shi da shi. Ya bi shawarar. Amma matar wani maƙwabcinmu 'yar Katabu ce, don haka a masallaci Baba ya ji komai.

Ya aika aka kira auta, aka kira ni. Muka same shi a tsakar gida a kan darduma, ya ajiye rediyonsa a kashe. Auta ya fara bayani: ba shi ya rubuta ba, bai ma gani ba, yaran a wani gari suke, an riga an cire. Baba ya bar shi ya gama.

“Shafin na wane ne?”

“Nawa ne, Baba.”

“To ban gane maganar yara ba. Na yi shekaru ina sa hannu a takardar da wani ya buga. In ta yi kyau tawa ce, in ta ɓaci tawa ce. Ban taɓa zuwa gaban na gaba da ni na ce laifin mai tafireta ne ba.”

Auta ya kawo maganar lauya. Baba ya ce lauya kotu ya sani, wannan kuwa ba ta kai kotu ba, tsohuwa ce a kwance. Ya ce gobe za mu je, in bi su don a samu mai shiga wajen mata. Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya yi maganar aikin auta a matsayin aiki, kuma ga yadda ta zo.

Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Auta ne ya tuƙa. Mun sami mutumin a gidan bulonsa, ƙarƙashin rumfar kwano, ma'aikata suna ta zuba siminti a baya. Dogo ne, gemunsa ya fara furfura, yana magana a hankali kamar mai auna kowace kalma. Bayan an gaisa, Baba ya ce, “Malam, ni ne mahaifin wanda ya sanar da mutuwarka da ranka. Ga shi na kawo maka.”

Na zaci zai tashi da faɗa, kuma da ya yi, da ba wanda zai ga laifinsa. Ya dubi auta. Sannan ya sa aka kawo mana benci da ruwa. Ya ce kafin a cire labarin, 'yarsa ta adana masa duk abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa, kuma ya zauna ya karance. Wasu sun yi masa addu'a, har da waɗanda ya manta ya taɓa yi musu wani alheri. Wani da ya taɓa yi masa leburanci ya rubuta cewa Allah ya jiƙansa, amma mutum ne mai tsawa, yana wulaƙanta ma'aikaci a gaban jama'a. Ya ce ya karanta wannan ya sake karantawa, kuma gaskiya aka faɗa. Yayansa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ya taso daga ƙauye da yadin likkafani a hannu yana kuka, ya zo ya same shi tsaye. A ranar suka ci tuwo a kwano ɗaya.

“An nuna mini abin da ba a nuna wa mai rai,” in ji shi. “Abin da ya shafe ni, na yafe. Amma akwai wanda ba nawa ba ne da zan yafe. Tashi mu shiga cikin gida.”

An sallamo tsohuwar daga asibiti. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina ta da filo, 'yar ƙarama da ita, bakinta ya karkace gefe. Surukarta ce ke jinyarta. Ta raɗa mini cewa duk lokacin da Inna ta farka sai ta fara neman ɗanta da ido, kuma ba ta natsuwa sai an kira shi daga wurin aiki ta shafa fuskarsa da hannun da ke motsi. Ko an gaya mata yana nan lafiya ba ta yarda. Shi ya sa ya daina zuwa gona, ya daina nisa da gida.

Auta ya durƙusa a bakin katifar. Na san ya shirya abin da zai faɗa a mota, na ga leɓensa yana motsi a hanya, amma da ya zo gabanta babu abin da ya fito sai, “Inna, ni ne.” Ɗanta ya sunkuya ya yi mata bayani a kunne. Ta juyo da ido ta kafe auta da kallo, ta daɗe. Sai bakinta ya motsa, wani sauti ya fito. Surukar ta ce ruwa take so. Ɗan ya ce a'a, ba ruwa ta ce ba. Bai faɗi abin da ya ji ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A hanyar dawowa ruwa ya tsuge mana wajen Rigacikun. Sai da muka kusa Kawo Baba ya ce a tsaya ya saya wa Umma gasasshiyar masara.

A cikin makon auta ya rufe shafin gaggawan. Abokan harkarsa sun ce ya yi wauta, ai gyara ake yi, ba a yanka saniyar da ta fi ba da nono. Sun yi gaskiya ta wani ɓangare, don ofishin ya shiga matsi, sai da ya rage ɗakuna, wasu ma'aikatan suka kama gabansu. Ya ɗauko wata dattijuwa da ta yi aikin jarida har ta yi ritaya, ya ce ba abin da zai fita a kowane shafi sai ta gani. Ɗaya daga cikin samarin nan biyu ya yarda ya dawo Kaduna ya zauna a ƙarƙashinta, yana nan har yanzu. Ɗayan ya ce shi ba zai iya wannan jan ƙafa ba. Ya buɗe nasa shafin irin na da, kuma ina jin yau ya fi kowane shafin auta masu karatu. Wannan yana cikin abubuwan da nake yawan juyawa a raina ban samu inda zan ajiye su ba.

Auta ya nemi ya ɗauki nauyin masu zuwa gasa wa tsohuwar jiki. Da farko ɗan ya ƙi, sai da Baba ya sake komawa shi kaɗai. Ta ɗan samu sauƙi, har magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Idan auta ya je gaishe ta takan kira shi mai jarida, ta karɓi gaisuwarsa, amma ba ta taɓa ta da zancen ba, shi ma bai iya tayarwa ba. Da ta rasu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ko ta yafe masa, Allah ne masani. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi ma abin da yake so ya sani ke nan.

Daga baya wani kamfani daga Legas ya saye shafukan Turanci da ke cikin waɗanda auta ya tara, shi kuma ya bar wa kansa na Hausa. Ya koma yin shirye-shiryen saurare, don ya ce da yawa daga cikin mutanenmu kunne suke ba labari, ba ido ba. Ban ce ya zama wani mutum dabam ba. Har yau in ya ji labarin shafin da ke tashe, idonsa yakan yi irin na ɗan kasuwar da ya hango kaya a bakin tasha.

Kwanakin baya ya zo ya ɗauke ni, wai in raka shi Badarawa wurin wata mata. 'Ya'yanta biyu suna da ciwon sikila, ta buɗe shafi tana rubuta abin da ta koya a shekarun jinya: abin da ake yi in ciwo ya tashi, yadda ake shirya yaro in sanyi ya gabato, yadda uwa za ta riƙe kanta. Iyaye da yawa sun taru a wurinta. Ta karɓe mu a falonta, ta kawo zoɓo mai sanyi. Auta ya zauna ya saurare ta kamar yadda ya saba, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta yi murmushi ta ce ta gode, amma matan da ke rubuto mata ita suke rubuto wa, ta san sunayen 'ya'yansu, ba ta ga yadda za ta miƙa su ga wani ba. Ya sake gwadawa ta wata hanya, ta sake ƙi cikin ladabi. Sai ya karɓi wayarta ya nuna mata abin da ke sa shafin nauyi, ya ce zai turo wanda zai gyara mata, ba sai ta ba da komai ba.

A mota ya yi ta ƙorafi, wai matar ba ta san abin da take riƙe da shi ba, da a hannunsa yake da ya kai shi har Nijar. Na ce masa ina ganin ta sani. Ya yi tsaki, ya ce in bari kawai, bayan Sallah zai sake komawa.